Tsibirin Sule Skerry: Sunansa, Tsuntsayensa da Hasumiyarsa

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin sunayen wurare sun daɗe da lura cewa suna yakan adana abin da ido ya daina gani. Wannan maƙala za ta duba haka a Sule Skerry, wani ɗan tsibiri na ƙasar Sikotilan da ke cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 60 yamma da babban tsibirin Okni. Girmansa hekta 16 ne, ba itace, ba mazauni.

2.0 Asalin Sunan

Bahaushen da ya ji sunan zai iya zaton wani Sule ne ya sari wurin, alhali kama ce kawai ta lafazi. Kalmomin biyu daga tsohon harshen Nos suka fito, wato harshen mutanen Sikandinebiya da suka mallaki Okni har ƙarni na 15. A harshen, sker dutse ne da ya ɗan ɗago bisa ruwa, súla kuwa wani babban farin tsuntsu ne mai baƙin bakin fiffike, wanda yakan faɗo daga sama ya nutse ya kamo kifi. Ingilishi na kiransa ganet. Kalmar ta yi tafiya mai nisa, domin daga gare ta masana kimiyya suka samo Sulidae, sunan dangin tsuntsun baki ɗaya.

Abin lura shi ne, tsuntsun da ya mamaye tsibirin ba mai sunan ba ne. Fafin ne, ɗan guntu mai baki kala-kala, wanda ke haƙa rami ya saka ƙwai ɗaya tak. Mazaunin ganet yana kan Sule Stack, wani tsauni mai nisan kilomita 10 daga nan, kuma sai a 2003 masu ƙidayar tsuntsaye suka iske sheƙunansa a Sule Skerry ɗin kansa. Da sanyi wasunsu kan gangaro har gaɓar Afirka ta Yamma.

3.0 Hasumiyar Fitila

A 1895 aka kunna fitilar hasumiyar da David da Charles Stevenson suka tsara don kiyaye jiragen ruwa daga duwatsun. Masu gadinta kan yi makonni ba su ga kowa ba, igiyar ruwa kuma takan hana jirgin canji matsowa. A 1982 aka mayar da fitilar mai sarrafa kanta, aka kwashe su. Masu zuwa yanzu su ne ma'aikatan gyara da masu sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa.