Zanzibar: tsibirin kanumfari, inda dubarar matan Maradi ta riga mu isa

Duk wadda ta taɓa zama gaban faifan kayan yaji a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ta san kanumfari. Ana ƙulla shi na dala biyar, na dala goma, a sa a fura, a sa a kunu, a daka shi cikin yajin mai jego. Amma in aka tambaye mu wane irin icce ne ke ba da shi, da yawa cikinmu sai mu yi shiru. Mu kanmu ba mu taɓa ganin iccen ba, sai da wani horo na ma'aikatan rediyo ya kai mu Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, muka samu hutun kwana biyar, muka tsallaka teku zuwa Zanzibar. Tun dawowarmu masu saurare ke tambaya: me ake gani can, kuma ɗan kasuwar da ya rufe rumfa ya tafi kallon ruwa bai yi asara ba? Ga amsarmu.

Ina ne Zanzibar?

Zanzibar tsibirai ne cikin tekun Indiya, a gabashin Afirka. Manyan su biyu ne, Unguja da Pemba, kuma tun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu ƙasar Tanzaniya. Unguja, inda babban birni yake, tsawonta kimanin kilomita 85 ne, wato bai kai nisan Tasawa zuwa Maradi ba. Ƙidayar 2022 ta samu mutum kusan miliyan 1.9 a tsibiran, kuma kusan dukansu musulmi ne. Daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri awa biyu yake yi ya kai ka.

Harshensu Suwahili ne, kuma kunnen Bahaushe ba ya daɗewa yana baƙunta a cikinsa, domin su ma sun ari kalmomi da yawa daga Larabci. Sabulu suna ce masa sabuni, alƙalami kalamu, Alhamis Alhamisi, kanumfari kuwa karafuu. In ka yi sallama za a amsa maka kamar a gida.

Tsohon gari da kasuwar Darajani

Wurin farko da baƙo ke zuwa shi ne tsohon gari, wanda suke kira Mji Mkongwe, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 2000. Gidajen an gina su da dutsen murjani na teku, lunguna kuwa ƙunci gare su har mota ba ta shiga mafi yawansu. Abin kallo shi ne ƙyamaren ƙofofi na katako, masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. A da, da ƙofa ake gane arzikin maigida, kamar yadda ake gane shi a wurinmu da zanen gaban zaure.

Arzikin ya samo asali ne daga fatauci. Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya maido fadarsa nan wajen 1840, ya matsa wa masu gona su dasa kanumfari. Sai dai bayi ne suka noma wannan arziki. An rufe kasuwar bayi ta garin a 1873, aka gina coci a wurin, kuma har yau ana shiga a ga tarihin abin. Mun fito daga wurin jikinmu a sanyaye, muna tuna cewa mu ma a Nijar sai a 2003 doka ta tanadi hukunci ga mai bautar da mutum.

Ɗan kasuwa kada ya wuce Darajani, babbar kasuwar garin, wadda aka gina a 1904. Ku je da sassafe ku ga gwanjon kifi, ku ga kifin da sai ƙato biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Iyayenmu mata kuwa su leƙa layin masu kanga, wani zane mai sauƙi da ake sayarwa biyu-biyu, kowane da karin magana rubuce a gefensa. Mace na iya yi wa kishiya ko maƙwabciya habaici da zanen da ta ɗaura ba tare da ta buɗe baki ba. Don haka kafin ki saya, Hajiya, ki sa a fassara miki rubutun.

Da magariba sai a gangara Forodhani, bakin teku, inda masu abinci ke kunna fitilu: gasasshen kifi, ƙaguwa, jatan lande, ruwan rake da citta da lemun tsami, da wata halitta mai hannu takwas da suke kira pweza. A yi ciniki kafin a ɗora a wuta.

Gonar kayan yaji

A nan ne muka ga kanumfari a kan uwarsa. Icce ne dogo mai ganye kore shar, kuma abin da muke saye tohon fure ne, wanda ake tsinkewa da hannu kafin ya buɗe. Ana shanya shi a tabarma kwanaki kaɗan har ya koma baƙi-baƙi. In aka bari furen ya buɗe, darajarsa ta faɗi. Mafi yawan kanumfarin Zanzibar daga Pemba yake fitowa, kuma kamfanin gwamnati mai suna ZSTC ke saye daga hannun manoma. Saboda haka kada wani ya yi tunanin zai cika buhu goma ya hau jirgi da su. Na tsaraba dai ana samu a ƙulle. Yau Indunusiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, Madagaska ma na fitar da mai yawa.

A gonakin da ke bayan gari, irin na Kizimbani, ana zagayawa da baƙi a nuna musu kirfa, wadda ɓawon icce ce, da masoro mai hawa jikin icce kamar wake, da citta, da kurkum, da gyaɗar ƙamshi. Mai sayar da kayan yaji za ta koyi abu mai amfani a nan: kanumfari mai kyau kansa na nan bai karye ba, kuma in ka matsa shi da farce sai mai ya fito. Wanda ya bushe ƙayau babu mai, ya tsufa ko an riga an tatse shi.

Matan bakin teku da asusunsu

Abin da ya fi tsaya mana a rai a gabashin tsibirin muka gan shi, a ƙauyukan Paje da Jambiani. Rairayin wurin fari ne fat kamar garin rogo. Sau biyu a kwana teku ke janyewa can nesa ta bar fili, sannan ta dawo. Da zarar ta janye sai mata su shiga da zannuwansu, su zauna cikin ruwa iya ƙugu, suna ɗaura wata ciyawar teku a jikin igiyoyi tsakanin turaku. Suna kiranta mwani. Noman nan ya kankama ne a 1989, kuma mata ne suka fi yin sa. Bayan kamar mako shida su girbe, su shanya, su sayar wa kamfanoni da ke kai ta waje a sa a man goge baki da abinci da magunguna.

Kukansu irin namu ne. Busasshiyar ciyawar arha ake saye, ga ɗumamar ruwan teku na kashe irin da ya fi tsada. Waɗanda suka haɗa ƙungiya suna yin sabulu da man shafawa da ita su ne ke ganin riba. Matan Mayahi sun san wannan lissafi: wadda ta sayar da kabar Gulbin Kaba ɗanya ba ta kama ƙafar wadda ta saƙa tabarma, haka mai sayar da gyaɗa a kwano ba ta kai mai mai da ƙuli-ƙuli ba.

To ina suke samun jari? A nan muka sha mamaki. Suna taruwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke cikin akwati mai kwaɗo, a ba mai buƙata rance, ƙarshen shekara a raba. Wannan ai Mata Masu Dubara ce, wadda aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE. Daga nan ne aka ɗauki tsarin aka kai Zanzibar wajen 2001, a ƙauyukan da ke kewaye da dajin Jozani, kuma yau ire-irensa sun bazu cikin Tanzaniya, inda ake kiran wasu VICOBA. Iyayenmu da ƙannenmu mata da ke zuba dala ashirin kowane mako ƙarƙashin bedi, su sani dubararsu ta ƙetare teku tun kafin mu.

Sauran abin kallo

A dajin Jozani akwai wani jan biri da babu irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar. A ƙaramin tsibirin Changuu akwai manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919, wasu sun haura shekara 100. A Kizimkazi, kudu, akwai masallaci mai rubutun shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. A Nungwi, arewa, ana ƙera jiragen ruwa na katako da hannu. Mai son shiga ruwa ya sa rigar kariya, ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, domin iyon tabki da damina daban, teku daban.

Kafin a ɗaura kaya

Biza: Tanzaniya ta daɗe da sa masu fasfo na Nijar da Najeriya cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Ta intanet ake nema, kuma a fara wata biyu kafin tafiya. Kada a yanki tikiti sai ta fito.

Lafiya: a riƙe katin rigakafin shawara, a nemi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Daga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dalar Amurka 44.

Hanya: daga Yamai ko Kano, ta Adis Ababa. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, kuma a Suwahili daga safiya ake fara ƙirga awa, wato ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a bakinsu. A tambaya da kyau kada jirgi ya tashi ya bar mutum.

Kuɗi: shilin ake kashewa, sefa ba ta shiga. A canza zuwa dala ko yuro tun gida. Leda kuwa an hana ta a Tanzaniya tun Yuni 2019, a tafi da jakar yadi.

Lokaci: ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake. Janairu da Fabrairu sun fi dacewa da mu, an gama kaka, ga rana a can.

Ƴan kamisho: can ana ce musu papasi, ma'ana kaska, kuma sunan ya dace. Wani ya karɓi kuɗinmu da sunan zai samo mana kwale-kwale, har yau bai dawo ba. A sayi tikiti a taga, a karɓi rasit. Jirgin da ya cika maƙil kuma kada a hau: a Satumba 2011 wani ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodi, ɗaruruwan mutane suka rasu.

Riba ko asara?

Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin jirgi kaɗai jikka ɗari-ɗari ne, ya isa jarin ƙaramar rumfa. Wanda zai taɓa uwar kuɗi ko ya ci bashi don wannan tafiya, shawararmu ya zauna gida. Amma wanda Allah ya hore wa, ya sauke nauyin iyali, ya ware daga riba, to jiki ma na da haƙƙi. Mun san ƴan kasuwa da suka yi shekara talatin ba su rufe rumfa ba sai ranar da ciwo ya rufe musu ita. A haɗu uku ko huɗu a raba kuɗin masauki da na mota, a tafi da ɗan littafi a rubuta farashi da dubarun da aka gani.

Mu dai tsarabarmu ƙullin kanumfari ne da kanga biyu. Mun kai wa wata gwaggonmu mai sayar da kayan yaji a Tasawa, ta matsa ɗaya da farce, ta shaƙa, ta dubi nata na faifai. Washegari dillalin da ke kawo mata kaya ya sha tambayoyi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.