Abin da ya haɗa manoman Tambuwal da Kebbe da jiragen da ke auna ruwan teku

Duk shekara idan watan Mayu ya raba, tambaya ɗaya ce a bakin manoma daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi: a yi shuka da ruwan farko, ko a dakata a ga na biyu?

Wanda ya yi gaggawa, ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, gero ya tsiro ya ƙone, sai ya sake neman iri. Wanda kuma ya yi jinkiri, damina na iya ƙarewa dawarsa ba ta nuna ba. Ga tsadar taki, ga kuɗin huɗa, ga rumbun da ya riga ya yi ƙasa.

Tsakanin Tambuwal da gaɓar teku mafi kusa akwai tafiyar fiye da kilomita 600, kuma da yawa daga cikin manoman yankin ba su taɓa ganin teku ba. Amma binciken masana na fiye da shekara 40 ya nuna cewa wani ɓangare na amsar tambayarsu yana can cikin ruwan Tekun Atlantika, inda jiragen ruwa na bincike ke tsayawa dare da rana suna auna zafin ruwa da gishirinsa.

Hadari daga gabas, laima daga teku

Duk manomin Sakkwato zai ce maka hadari daga gabas yake tasowa, kuma gaskiyarsa. Mafi yawan ruwan da ke sauka a wannan yanki na zuwa ne da jerin hadarin da ke tafiya daga gabas zuwa yamma.

Sai dai laimar da hadarin ke sha ya yi nauyi, kaso mai yawa daga teku take zuwa. Idan bazara ta yi tsanani, ƙasar Sahara ta ɗau zafi, iskar da ke kanta sai ta yi sama ta bar gurbi. Iska mai ɗauke da tururin ruwa daga mashigin tekun Gini, wato kudu maso yammacinmu, ita ke kwararowa ta cike gurbin. Ita ce iskar da ke maye gurbin ta hunturu, wadda dattawa ke gane juyowarta tun kafin a ga gajimare.

Ƙarfin wannan iska ya dogara ne da bambancin zafi tsakanin tudu da teku. A watan Afrilu, zafin saman ruwa a tsakiyar mashigin, kusa da layin da ya raba duniya biyu, yakan kai digiri 28 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos. Daga Mayu sai ruwan sanyi ya fara tasowa daga ƙasa, zuwa Yuli ko Agusta zafin ya sauko kusan digiri 23 ko 24.

Wannan sanyi na daga cikin abubuwan da ke tura damina arewa. A yawancin shekaru, wajen ƙarshen Yuni, tsakiyar ruwan sama kan bar gaɓar teku ta yi tsalle zuwa arewa. Shi ya sa lokacin da ake marka a Tambuwal da Kebbe a watan Agusta, mutanen Legas ke samun sauƙin ruwa.

Idan kuma ruwan mashigin bai yi sanyi yadda ya saba ba, iskar kan yi rauni, ruwa ya yi ta zuba a bakin teku, arewa ta zauna da ƙishi. Haka aka gani a 1984, shekarar da ruwan mashigin ya yi ɗumi fiye da ƙima, kuma shekarar da tsofaffin yankin ba sa manta farinta.

Darasin farin 1973 da 1984

Bayan farin farkon shekarun 1970, masana da dama sun ɗora laifin a kan mazauna yankin: sare itatuwa, yawan kiwo, da noman da ke tsiraita ƙasa. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma awon teku ya nuna ba su ne babban dalili ba.

A 1974 aka yi wani gagarumin aikin haɗin gwiwa mai suna GATE, wanda hedikwatarsa ke Dakar. Jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama fiye da goma suka shafe watannin damina suna auna iska da ruwa a gabashin Atlantika.

A 1978 wani masani mai suna Peter Lamb ya nuna cewa shekarun fari a yankin Sahel na tafiya da wani salo na zafin ruwan Atlantika. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Birtaniya suka faɗaɗa binciken zuwa tekunan duniya, suka gano cewa idan tekunan kudancin duniya sun fi na arewa ɗumama, Sahel kan bushe.

Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin tekuna kawai, daga 1930 zuwa 2000, ta kuma fitar da babban ɓangare na hawa da saukar ruwan Sahel, har da shekarun yalwa na 1950 da shekarun farin da suka biyo baya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Yadda ake awon a cikin jirgi

Babban kayan aikin jirgin bincike wata na'ura ce da ake kira CTD. Haruffan na wakiltar abubuwa uku da take aunawa: yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, da zafinsa, da zurfinsa.

Ana auna ɗaukar lantarki ne domin a san yawan gishiri, saboda ruwan da ya fi gishiri ya fi barin lantarki ya ratsa shi. A matsakaici, kowane kilo ɗaya na ruwan teku na ɗauke da giram 35 na gishiri. Zurfi kuwa daga nauyin ruwan da ke danne na'urar ake gane shi: duk mita goma da aka nutsa, dannin na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa.

Ana ɗaure na'urar a tsakiyar wani kejin ƙarfe mai zagaye, wanda aka jera wa dogayen kwalabe 12 ko 24, duk bakinsu a buɗe sama da ƙasa. Idan jirgi ya isa wurin awo sai ya tsaya cak, matuƙi na ta gyara shi don kada iska da igiyar ruwa su ja shi. Injin naɗe waya ya ɗaga kejin, ya sauke shi ta gefen jirgi, yana tafiya ƙasa kimanin mita ɗaya a kowace daƙiƙa.

Wayar da ke riƙe da kejin ita ce kuma ke kawo bayanai cikin ɗakin kwamfuta. Irin na'urar da manyan jirage ke amfani da ita na yin awo sau 24 a daƙiƙa ɗaya, kuma tana iya bambance zafin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na digiri ba. Masu aiki na zaune suna kallon layi na zana kansa a allo: ruwa mai ɗumi a sama, sai wani wuri da zafin ke faɗuwa da sauri, sai sanyin ƙasa wanda a zurfin mita 4,000 bai wuce digiri biyu zuwa uku ba.

A hanyar dawowa sama ake rufe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kowace a zurfin da aka zaɓa. Ruwan da suka ɗebo shi ake sake gwadawa a ɗakin gwaji na jirgin, don a tabbatar na'urar ba ta kauce ba. Zuwa mita 4,000 da dawowa na iya cin sa'o'i uku ko fiye, sannan jirgi ya matsa gaba a sake, ko da tsakar dare ne.

A ƙarƙashin jirgin kuma akwai wata na'ura da ke aika sauti cikin ruwa, ta saurari amsa-kuwwarsa, ta haka ta gane inda ruwan ƙasa ke gudu da saurinsa.

Me ya sa tauraron ɗan'adam bai wadatar ba?

Tauraron ɗan'adam na ganin zafin teku kullum, amma fatar ruwan kawai yake gani. Abin da mai hasashen damina ke son sani shi ne kaurin ruwan ɗumin da ke sama. Idan siriri ne, iska kaɗan za ta fito da ruwan sanyi. Idan mai kauri ne, sanyin zai yi jinkiri ko ya yi rauni.

Gishiri ma na da nasa tasirin. Kogin Kwara da kogin Kwango na zuba ruwa maras gishiri mai yawa a mashigin tekun Gini. Wannan ruwa bai kai na teku nauyi ba, don haka yakan kwanta a sama kamar murfi, ya hana ruwan sanyi gauraya da na sama. Ruwan kogin Zamfara da ke ratsa fadamun Kebbe, ya shiga kogin Sakkwato, ya faɗa Kwara, yana cikin wannan ruwan.

Dalilin da ya sa ake damuwa da teku haka shi ne yawan zafin da yake riƙewa. Kimanin mita uku na saman tekunan duniya na iya riƙe zafi daidai da dukkan iskar da ke kewaye da duniya. Iska na sauyawa cikin kwanaki, teku kuwa sai ya ɗauki watanni. Wannan jinkiri ne ke ba masana damar duba ruwan Maris da Afrilu su yi magana a kan Yuli da Agusta.

Goruna a tsakiyar teku

Jirgi ba zai zauna wuri ɗaya shekara guda ba. Saboda haka a 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka kafa shirin PIRATA, inda suka turke na'urori masu iyo a wurare kusan 18 a Atlantika. Wanda ya taɓa ganin masunci a kan gora a Argungu zai gane siffar abin: babban gora ne a saman ruwa, an ɗaure shi da doguwar igiya zuwa wani nauyi da ke ƙasan teku.

A saman goran akwai ma'aunan iska da ruwan sama da hasken rana. A jikin igiyar kuma akwai ma'aunan zafi har zuwa mita 500. Bayanan na tafiya ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyoyin hasashen yanayi, kuma kowa na iya samunsu kyauta a intanet.

Kusan kowace shekara jirgin bincike na Faransa kan zagaya gorunan gabashin Atlantika, ya ciro tsoho ya dasa sabo, ya kuma yi awon CTD a kan hanya. Aikin na da ƙalubale: kifi na taruwa a ƙarƙashin gorunan, jiragen kamun kifi na bin su, wani lokaci a lalata ma'aunan ko a tsinke igiyar. Ga kuma matsalar 'yan fashin teku a mashigin.

Ban da waɗannan, akwai na'urorin Argo kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya. Kowace na nutsewa zuwa mita 2,000, ta taso bayan kwana goma tana auna zafi da gishiri, ta aika sakamako, ta sake nutsewa. Su ma jirage ne ke jefa su, kuma da awon jirage ake tantance ingancinsu.

Najeriya na da Cibiyar Binciken Teku ta NIOMR a Legas, wadda aka kafa a 1975, da jirgin bincike mai suna Bayagbona da aka ƙera a ƙasar Poland ya iso a 2014. A maƙwabciyarmu Benin kuma, Jami'ar Abomey-Calavi na horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a digiri na biyu kan wannan fanni.

Daga teku zuwa gona

Waɗannan bayanai na cikin abin da ake zuba wa manyan kwamfutocin hasashe na duniya. Da sakamakonsu, tare da nasu awon, Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yiwuwar tsayawar ruwa bayan shuka. Ana kuma fassara shi zuwa Hausa. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai kan tara masanan ƙasashen yankin kafin damina su fitar da hasashen Sahel baki ɗaya.

Hasashen ba ya cewa ranar kaza ruwa zai sauka a gonar wane. Atlantika ba shi kaɗai ke da ta cewa ba: ɗumamar tekun Pasifik da ake kira El Nino kan rage ruwan Sahel, ɗumin Bahar Rum kuma kan ƙara shi, sannan hadari ɗaya na iya jiƙa Sanyinna ya tsallake ƙauyen da ke kusa. Abin da hasashen ke bayarwa shi ne rinjaye, kamar yadda Bahaushe ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ko wannan rinjayen na da amfani ga mai yanke shawara. Idan an ce akwai alamar jinkiri ko tsayawar ruwa a Yuni, manomin tudu na iya ƙin zuba duk irinsa a ruwan farko, ya nemi gero da wake masu saurin nuna, ya riƙe takinsa har shuka ta kama. Idan an ce ruwa zai yi yawa, mai shinkafa a fadamar Kebbe ya san ambaliya na iya zuwa, ya duba inda zai dasa da inda zai ajiye amfaninsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne isar da saƙon. Hasashen da aka ƙaddamar a Abuja a farkon shekara ba shi da amfani ga manomin Kuchi sai ya ji shi da Hausa, a rediyo ko daga bakin malamin gona, da sunan ƙaramar hukumarsa, kafin ya kai iri gona. Wannan aiki ne na ma'aikatar gona ta jiha da ƙananan hukumomi da gidajen rediyo da ƙungiyoyin manoma, kuma lokacinsa shi ne Maris da Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas.