Ƙwai da Gyaɗa Ba Abokan Gabar Jariri Ba Ne

A gidajen suna da layin awo, daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, ana yawan jan kunnen mai jego: kada ki ba yaro ƙwai ko gyaɗa sai ya yi wayo, wai suna jawo borin jini.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lallai akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da ƙwai, gyaɗa, kifi ko nonon shanu, kuma alamar ba ta ɓuya: daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan ci, leɓe ko ido ya kumbura, fata ta yi ruɗu-ruɗu, ko amai ya taso. In numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take. Sai dai irin waɗannan yara 'yan kaɗan ne, kuma jinkirta abincin ba rigakafi ba ne. A 2015, likitoci a Landan ƙarƙashin Farfesa Gideon Lack sun bayyana abin da suka gani a jarirai 640 masu haɗarin kamuwa: waɗanda aka fara ba su gyaɗa kafin su cika shekara, matsalar ta ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin ɗari idan aka gwada da waɗanda aka hana.

Wani ɓangaren maganar yana cikin hanji. Hanjin jariri cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne ke koya wa garkuwar jiki bambanta abinci da cuta. Nonon uwa na ɗauke da wani sukari wanda jaririn ba ya narkarwa, abincin waɗannan ƙwayoyi ne. Don haka maganar cewa dakashi ƙazanta ne, a matse a zubar, ba ta da tushe. Shi ne kariyar farko. Haka kuma sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis duk lokacin da aka ce "haƙori ne", ba tare da likita ya rubuta ba, yana kashe masu amfanin tare da masu cutarwa.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne inda muke wannan hani. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ma'aikatan lafiya sun auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Abincin ƙunshi da ake farfaɗo da su da shi kuwa, da gyaɗa ake yin sa.

Iyaye mata, nono zalla wata shida, ko ruwa babu. Daga nan a fara kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai da aka murmushe, kaɗan-kaɗan, ana lura da jikin yaro. Kada a ba shi ƙwayar gyaɗa guda, tana shaƙewa, kuma wadda ta yi funfuna a zubar da ita.