Gudu Ba Birki: Daɗi da Illar Finafinan Tsinka Zuciya

Duk mai bibiyar finafinan Amurka ya san irin fim ɗin nan da in aka sa shi, ba mai motsawa ko da abinci na ƙonewa a tukunya. Bom na shirin tashi, agogo na tafiya, jarumi na haki. Shin me ya sa matasa ke rububin irin waɗannan finafinai, kuma ina suke gazawa? Fim ɗin Speed na 1994 ya isa misali.

Labarin gajere ne. Bos ɗin fim ɗin, Howard Payne (Dennis Hopper), tsohon ɗan sanda ne masanin bom. Ya dasa bom a wata motar bas a birnin Los Anjeles: da zarar gudunta ya kai mil 50 a awa, wato kusan kilomita 80, bom ya ɗanu, in ta sauko ƙasa da haka, sai tashi. Buƙatarsa dala miliyan 3.7. Jack Traven (Keanu Reeves) ya diro cikin motar tana gudu, aka harbi direba bisa kuskure, sai fasinja Annie (Sandra Bullock) ta karɓi sitiyari.

To, a nan daɗin yake. Darakta Jan de Bont bai wahalar da ɗan kallo ba. Doka ɗaya ce, ko wanda bai jin Turanci zai gane: kada mota ta rage gudu. Daga nan duk wani abu na yau da kullum, danja, cunkoso, kwana, ƙarewar mai, ya zama bala'i. Ga sauti mai kaɗa hanji, wanda ya ciyo wa fim ɗin kyautar Oska biyu a 1995. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin tun 1975 Japanawa suka yi The Bullet Train, inda jirgin ƙasa ne ke ɗauke da irin wannan bom.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gudun nan yakan rufe ɓarakar labari. Dubi inda motar ta tsallake gadar sama da ba a gama ba, ramin ƙafa 50, cike da fasinjoji, ta dira lafiya lau. Haba! A lokacin kallo sai tafi da ihu, amma an kashe bidiyo sai mutum ya ce anya kuwa?

Na biyu, ba a samun lokacin gina mutane. Fasinjojin nan ba wanda aka san tarihinsa, aikinsu ihu kawai. Soyayyar Jack da Annie ma tsoro ne ya haɗa ta, ba sanin juna ba. Na uku, maimaici: bayan an gama da bas, sai ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ma layinsa ba a gama ba, shi ma maganin dai ƙara wuta.

Da aka zo yin Speed 2 a 1997, Keanu Reeves ya ce a kai kasuwa. Aka kawo Jason Patric, aka mayar da labarin cikin jirgin ruwan shaƙatawa. Ina gudu a jirgin ruwa? Fim ɗin ya sha suka, bai kama ƙafar na farko ba a kasuwa.

Akwai darasi ga furodusoshin finafinan Hausa masu jan zance ɗaya a falo har ɗan kallo ya yi gyangyaɗi: a rage surutu, a sa wa labari agogo. Amma kada a ari gudun a bar hankali. Su kuma 'yan kallo, gwajin mai sauƙi ne: a sake kallon fim ɗin karo na biyu, bayan an san ƙarshensa. In har yanzu yana riƙe mutum a kujera, to akwai labari a ciki.