Bayani a kan murabus ɗin alƙali, da misalin Shuraihu na Kufa

Ka sani, ya kai ɗalibi, fiƙihu bai yanka wa alƙali shekarun sauka ba, kamar yadda gwamnati take yanka wa ma'aikatanta a yau. Abin dubawa shi ne hankalinsa da adalcinsa da lafiyar gaɓoɓinsa. A Muhtasar na Shehu Halilu, idan alƙali ya makance, ko ya kurumce, ko ya bebance, wajibi ne a sauke shi, amma hukuncin da ya yanka daidai yana nan, ba a warware shi.

Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne Shuraihu ɗan Harisu, Bakinde, ɗaya daga manyan tabi'ai. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya karɓi doki don gwaji kafin ciniki ya faɗa, dokin ya samu rauni a hannunsa. Suka sa Shuraihu ya raba su da mai dokin, ya ce lamuni yana kan Umar: ko ya biya, ko ya mayar da shi lafiya yadda ya karɓa. Wanda aka kayar ɗin nan shi ya naɗa shi alƙalin Kufa. Daga baya ya ƙi karɓar shaidar Hasan ga mahaifinsa Aliyu a shari'ar sulke, alhali Aliyu ne halifa, domin ɗa ba ya yi wa uba shaida.

Ya riƙe alƙalanci wajen shekara 60, in ban da shekara 3 da ya janye a zamanin fitinar Ibnu Zubairu. Da tsufa ya kama shi sai ya roƙi Hajjaju ɗan Yusufu ya sauwaƙe masa, aka sauwaƙe masa. Ya rasu wajen shekara ta 78 ta hijira.

Wurin da almajirai suke yawan kuskure shi ne bayan saukar. Tsohon alƙali, komai girmansa, idan ya ce shi ne ya yanke wa wane hukunci kaza, ba a karɓar wannan magana tasa, sai an kawo shaidu biyu, domin shaida ce a kan aikin kansa. Wanda aka sauke ba don laifi ba kuwa, ya kamata sarki ya bayyana wa jama'a haka, kada a zarge shi. Magajinsa kuma da ƴan kurkuku zai fara, sannan wasiyyai da dukiyar marayu.