Farfesa Iruka Okeke da Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani

Yaro ya kwana da zazzaɓi da gudawa, gari na wayewa sai a garzaya kyamis a sayo kafso ja da yalo. Da jiki ya ɗan yi sauƙi, a ajiye sauran. Ba wanda ya san wace ƙwaya ce ta kama shi, balle ko maganin ya dace da ita. Ƙwayoyin da suka tsira su hayayyafa, har su miƙa wa 'yan'uwansu dabarar bijire wa maganin. Wannan lalube cikin duhu ne Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan ta daɗe tana yaƙa.

A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta karanci harhaɗa magunguna, a can kuma ta fara bin sawun bakteriyar E. coli mai sa yara gudawa. Ta yi shekaru tana koyarwa a Kwalejin Haverford a Amurka, sannan ta dawo gida a 2014. Littafinta na 2011, Divining Without Seeds, ya nuna cewa likitan da ba shi da ɗakin gwaji dole ya yi ta kintace, komai ƙwarewarsa.

Gwajin kuwa ba wani tsafi ba ne. Ana shuka ƙwayar a faranti, a ɗora 'yan ƙananan takardu da aka jiƙa da magunguna daban-daban, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Inda fili ya kewaye takarda, maganin na da kaifi. Inda ƙwaya ta mamaye har bakinta, ya tashi aiki. A yau tawagar Farfesa Okeke na karanta ƙwayoyin halittar bakteriya, tana taimaka wa hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, gano inda masu taurin kai ke yaɗuwa.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magunguna ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Jarirai da yara ƙanana na cikin waɗanda suka fi tafiya.

Muna buƙatar ɗakunan gwaji masu aiki a asibitocin jiha, da ruwa mai tsafta, da rigakafi. Muna kuma buƙatar ɗalibanmu na Kano, Zariya da Sakkwato su rungumi wannan fanni, domin ƙwayar da ke kwantar da yaranmu sai mai bincike na kusa ne zai san halinta.