Dalilin Kafewar Mota, Da Na'urar Da Ke Rage Shi

Hakimai da malamansu mutane ne masu yawan tafiya, galibin hanyoyin da su kan bi wajen rangadi kuwa ba su da kwalta. Da damina ga taɓo, da rani ga rairayi. Sau da yawa a kan ga mota ta kafe, ƙafa ɗaya ta baya tana ta juyawa tana watsa laka, ɗayar kuwa tana bisa tsandauri ko motsi ba ta yi. Sai a ɗora wa direba laifi, ko a ce inji ne ba shi da ƙarfi. Alhali kuwa sanadin abin yana cikin wata na'ura da ke tsakanin ƙafafun nan biyu, wadda makanikai ke kira difaranshal.

Kowa ya ga mahaya sun jeru za su karya kwana ran Salla ya san na gefen waje sai ya ƙara sauri, na ciki kuwa ya ja linzami. Haka ƙafafun mota su ke. In tsakaninsu mita 1 da rabi ne, motar ta yi zagaye ɗaya cikakke, tafiyar ƙafar waje ta fi ta ƙafar ciki da mita 9 da 'yan kai. Aikin difaranshal ke nan, ta karɓi juyin inji ta raba wa ƙafafun, ta kuma bar kowace ta yi gudun da ya dace da ita. Wani Bafaranshe mai suna Pecqueur ya tsara ta a 1827.

Amma tana da aibi guda. Iyakar ƙarfin da ta ba ƙafar dama, shi ta ke ba ta hagu. In ɗaya ta hau santsi, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta, saboda haka wadda ke kan tsandauri ita ma ɗan kaɗan ɗin nan za ta samu. Kome direba ya taka totur, sai dai mai santsin ta ƙara haƙa wa kanta rami.

Maganin wannan ya fito ne daga wajen masu tseren mota a Jamus. A 1935 Ferdinand Porsche ya sa kamfanin ZF ya ƙera difaranshal mai rage santsi domin motocin tsere na Auto Union. A Amurka kamfanin Packard ya sa irinta cikin motocinsa a 1956, Chevrolet ya bi baya a 1957.

Iri-iri ce. Akwai mai faya-fayan kuloci a ciki, waɗanda ke matse juna su hana ƙafa ɗaya ta tsere wa 'yar'uwarta. Akwai mai ruwa mai kauri, wanda ke ƙara riƙo gwargwadon bambancin gudun ƙafafun. Akwai kuma mai haƙoran ƙarfe zalla, kamar Torsen. Motocin zamani da yawa kuwa kwamfuta ce ke kama wa ƙafa mai santsi birki. Manufarsu duka ɗaya ce, watau a tura ƙarfi wajen ƙafar da ta kama ƙasa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har a kan kwalta tana da amfani. Sa'ad da mota ke shan kwana nauyinta ya kan koma gefen waje, ƙafar ciki ta yi sakayau. Na'urar nan ta kan hana ta juyin banza, motar ta fita daga kwana da ƙarfinta. Duk da haka a lura, in hanya duka santsi ce, direba ya taka totur da gaggawa, ƙafafun baya biyu su kan zame tare, bayan motar ya juya gefe.

Ga abubuwa huɗu da ya kamata a gargaɗi direba da su:

1. Tayoyin aksul ɗaya su zama girmansu ɗaya, iskarsu daidai. In sun bambanta, na'urar za ta yi ta aiki ba hutu har ta cinye.

2. A zuba mata irin man da littafin motar ya faɗa. Mai faya-fayan kuloci ta kan yi ƙara a kwana in an ba ta wani mai dabam.

3. Kada a ɗaga ƙafa ɗaya da jak a sa giya inji yana aiki. Wadda ke ƙasa tana iya tura motar ta faɗo kan mutum.

4. Kada a ɗauka mota ta zama mai ja da ƙafa huɗu. In duka biyun sun nutse, sai tono da sa itace.

Saboda haka, in za a sayi motar aiki domin ƙasa mai fadama ko rairayi, ya kyautu malamin da zai rubuta takardar ya tambayi irin difaranshal da ke cikinta tun ba a biya kuɗi ba.